Kafin Ka Sayi Tsohuwar Motar Batman ta Corgi

Masu tara ƙananan motocin wasa na ƙarfe sun san darajar Batmobile da kamfanin Corgi ya fitar a 1966, shekarar da aka fara nuna shirin Batman a talabijin a Amurka. Lambarta 267, kuma a Swansea ta Birtaniya aka ƙera ta.

In an kawo maka ita, fara juya ta ka karanta rubutun ƙasanta. Ta asali tana ɗauke da sunan Birtaniya. Waɗanda aka sake yi daga baya a Sin suna da kyau, amma kuɗinsu bai kama ƙafar na farko ba. Duba ko Batman da Robin suna ciki, ko wuƙar gaba tana fitowa, sannan ka ƙirga ƴan rokokin robar nan da yara suka fi zubarwa. Kwalinta kuwa, in bai yage ba, yana ɗaga farashi sosai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sabon fenti. Mota mai ɗan kwarzane da launinta na asali ta fi wadda aka shafe tsada nesa ba kusa ba. Don Allah kada ka taɓa fentinta, kuma ka ajiye ta inda rana da laima ba sa kaiwa.