DARASI DOMIN IYALI: ZIYARAR GANDUN DAJIN GASHAKA-GUMTI

Manufar darasi: mu san wannan gandun daji na duwatsu, mu koyi yadda iyali za su shirya ziyararsa, mu kuma gane cewa duk wanda ya shiga cikinsa baƙo ne, yana kuma ɗauke da hakkin baƙunta.

Gabatarwa

Yawancin 'ya'yanmu sun san zaki da giwa a hoton littafin makaranta, wasu kuma sun taɓa ganin biri a keji a gidan ajiyar namun daji. Amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa a inda dabba take zaman kanta, babu waya tsakaninsu da ita, babu mai kawo mata abinci. Irin wannan wuri yana nan a ƙasarmu. Zuwa can ya bambanta da zuwa kallon keji, gama a keji dabba ce take jiran mutum, a daji kuwa mutum ne yake jiran dabba. Iyalin da ba su fahimci wannan ba za su dawo da gajiya da gunaguni. Waɗanda suka fahimta kuwa za su dawo da abin da yaransu ba za su manta ba.

1. Ina ne Gashaka-Gumti?

Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti yana gabashin Nijeriya, a kan iyakarmu da Kamaru. Shi ne mafi girma a cikin gandayen daji na ƙasa, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000. An kafa shi a shekarar 1991, sa'ad da aka haɗa dazuzzuka biyu da aka keɓe tun dā, wato na Gashaka da na Gumti. Sashen Gumti yana arewa, a Jihar Adamawa, yawancinsa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Sashen Gashaka yana kudu, a Jihar Taraba, nan ne ake da tsaunuka da kwaruruka masu zurfi da kurmi. Hedkwatar gandun tana garin Serti, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi ta Bali ta hau tsaunin Mambila.

A cikin wannan gandu ne Chappal Waddi yake, wanda kuma ake kira Gangirwal. Tsawonsa mita 2,419, babu wani wuri a Nijeriya da ya kai shi bisa. Wurin yana kuma da tarihi. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya yankin yana hannun Jamusawa, har yanzu ana iya ganin kufan sansaninsu kusa da ƙauyen Gashaka. Daga baya ya koma riƙon Ingilishi, bai zama ɓangaren Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961.

2. Abin da idanu za su gani

Saboda ƙasar tana hawa daga kwari mai zafi zuwa kan dutse mai sanyi, matafiyi yakan ratsa dazuzzuka iri-iri a tafiya ɗaya. A ƙasa akwai daji mai doguwar ciyawa. A bakin rafuffuka akwai kurmi mai duhu. A can bisa kuma akwai fili mai gajeriyar ciyawa da gungun itatuwa a cikin loko. Duk sa'ad da mutum ya hau mita 1,000, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6. Shi ya sa wanda ya yi zufa a Serti da rana zai nemi bargo a kan dutse da dare.

Kowane irin daji da mazaunansa. Akwai ɓauna da gwambaza da mazo da gada da mugun dawa. Akwai damisa, ko da yake ba kasafai take yarda a gan ta ba. A kogin Kam akwai dorina da kada. A kan itatuwa akwai birai iri-iri, har da mai launin baƙi da fari da doguwar jela, wanda yakan yi tsalle daga reshe zuwa reshe kamar ana wurga zane. An lissafta tsuntsaye fiye da iri 500 a gandun.

Amma dabbar da ta fi jawo hankalin masana ita ce cimpanzi, wato babban birin nan marar jela mai kama da mutum. Jinsin da ke Gashaka ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru, shi ne kuma mafi ƙaranci a cikin jinsunan cimpanzi huɗu. Tun daga shekarar 2000 masu bincike suka kafa sansani a Kwano, a tsakiyar kurmi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan. Sun ga yadda cimpanzi yake gyara tsinke ya tsoma a rami domin ya lashi zuma ko ya kwashi tururuwa. Kowace yamma yakan lanƙwasa rassa a kan itace ya yi wa kansa sabon makwanci. Macen takan haifi ɗa ɗaya, ta yi kimanin shekara biyar kafin ta sake haihuwa. Saboda haka in maharbi ya kashe uwa ɗaya, giɓin da ya bari ba ya cikuwa da wuri.

Ya kamata iyaye su gaya wa yara gaskiya tun daga gida: ba lalle ne su ga cimpanzi ko damisa ba. Mai yiwuwa abin da za su samu shi ne makwancin jiya a kan itace, ko sawu a cikin laka, ko ihu daga wani kwari mai nisa. Wannan ma gani ne. Yaron da ya koyi bambanta sawun ɓauna da na saniya ya fi wanda ya kalli hoto ɗari ilimi.

3. Shiri kafin tafiya

Da farko, lokaci. Rani ne ya fi dacewa, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna sukan cika, hanya ta yi santsi, doguwar ciyawa kuma ta ɓoye dabbobi.

Na biyu, izini da labari. A tuntuɓi ofishin gandun a Serti tun kafin a bar gida, a tambayi halin hanya da na tsaro, da kuɗin shiga, da wurin kwana. Ba a shiga gandun sai da rakiyar ma'aikacinsa. Wannan doka domin lafiyar baƙo aka yi ta, gama daji ba shi da allon nuna hanya, a wurare da yawa kuma waya ba ta kamawa.

Na uku, a auna ƙarfi. Hawan Chappal Waddi aiki ne na kwanaki, da kwana a tanti, da masu ɗaukar kaya. Ya dace da matasa da manya masu ƙoshin lafiya waɗanda suka saba doguwar tafiya. Iyali mai ƙananan yara ko dattawa su tsaya a gajerun hanyoyi kusa da ƙauyen Gashaka da bakin kogi. Babu abin kunya a ciki. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ya ga likita tukuna. Duk wanda zai hau dutse kuwa ya fara gwada ƙafarsa makonni kafin ranar, yana tafiyar sa'a ɗaya ko biyu da jaka a baya.

Na huɗu, kaya. Takalmi mai rufe ƙafa wanda aka riga aka saba da shi, domin sabo yakan jawo bororo. Riga mai dogon hannu da dogon wando, masu launin ƙasa ko na ganye. A guji baƙi da shuɗi, gama su ne suke jawo ƙudan tsando. Rigar sanyi, hula, tocila, gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, da gishiri da sukari na haɗa ruwan mai gudawa. Ruwan rafi, ko da ya yi garau, a tafasa shi kafin a sha.

4. Ladabin baƙo a daji

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. Ya sauka, ya tashi, bai bar ɓarna ba. Ga yadda wannan yake a aikace.

A fita da sassafe ko da la'asar, lokacin da dabbobi suke kiwo. A yi tafiya a layi, ma'aikaci a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya. Mafi rauni a cikin ayari shi ne ma'aunin saurin kowa. A rage murya, a kashe rediyo da kiɗan waya. Dabba takan ji mutum tun kafin ya gan ta, ayari mai surutu kuwa ba ya ganin kome sai itatuwa.

Kada a ba biri abinci. Birin da ya saba karɓa a hannun mutum yakan koma ƙwace, daga nan ya shiga gonakin mutane, ƙarshensa a kashe shi. Ayaba ɗaya da aka miƙa cikin tausayi tana iya zama sanadin ajalinsa. Mai mura ko tari kada ya bi sawun cimpanzi, domin cututtukan numfashi na mutum suna kama shi, suna kuma kashe shi. Kada a shiga tsakanin dorina da ruwa, kada a yi wanka sai inda ma'aikaci ya nuna. A koma da leda da gwangwani da batir gida. A kashe wuta sarai kafin a bar masauki, gama da rani ƙwayar garwashi ɗaya ta isa ta cinye gefen dutse.

Akwai kuma mutane a cikin gandun. A wasu keɓaɓɓun wurare, kamar Chappal Hendu da Filinga, Fulani makiyaya da manoma suna zaune bisa yardar hukuma. A gaishe su da ladabi, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a biya masu ɗaukar kaya hakkinsu ba tare da ƙwara ba. Kada a sayi naman daji, ko fata, ko ɗan biri a hanya. Mai saye ne yake aiken maharbi.

5. Abin da zai ɓace in muka yi sakaci

Wani zai ce, "Ina ruwana da dutsen da ban taɓa gani ba?" Ruwanka yana can, ɗan'uwa, a zahiri. Kurmin kan duwatsun nan yana riƙe ruwan damina kamar soso, yana sakinsa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Daga nan rafuffuka suke gangarowa su cika kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, wanda ya bi ta Ibi da Makurdi ya sadu da Neja a Lokoja. In aka sare kurmin, ruwa zai sauko gaba ɗaya da laka a damina, da rani kuma rafi ya ƙafe. Masunci da manomin fadama da ke nesa su ne za su ji a jikinsu.

Barazanar ba tatsuniya ba ce. Akwai farauta ba bisa doka ba, da haƙar ma'adinai, da kiwon da ya wuce ƙarfin ƙasa, da ƙunar daji. A shekarun 2010 an sare itacen madobiya da yawa a Jihar Taraba domin a kai ƙasashen waje, har ya zama dole a sa shi cikin jerin itatuwan da duniya take taƙaita cinikinsu a 2017. A wannan shekara ce kuma Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors domin a ƙarfafa tsaron gandun. Wasu ma'aikatan sun rasa rayukansu a bakin wannan aiki. Iyalin da suka biya kuɗin shiga, suka ɗauki ɗan gari aiki, suka bi doka, sun sa hannu a aikin nan. Suna nuna wa maƙwabtan gandun cewa dabba mai rai ta fi gawarta amfani.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Mene ne bambancin ganin dabba a keji da ganinta a daji?
2. Me ya sa ba biri abinci yakan zama cuta gare shi?
3. Daga ina ruwan da muke sha a gidanmu yake fitowa? Wa yake kiyaye tushensa?
4. Wace dabba ce kakanninmu suka sani a garinmu wadda yanzu babu ita? Me ya kore ta?

Abin yi a wannan wata

Ba kowane gida ne zai iya zuwa Serti a bana ba. Amma kusan kowane gari yana da dutse, ko rafi, ko ɗan kurmi a kusa. Ku zaɓi safiya ɗaya ku je tare da yara. Ku zauna shiru na rabin sa'a, kowane yaro ya rubuta tsuntsaye da sawun da ya gani, a tambayi dattawa sunayensu a harshen gida. Ku kwashe ledar da kuka tarar a wurin. In iyalai uku ko huɗu suka fara ajiye ɗan abu kowane wata, kuɗin mota zuwa Gashaka-Gumti ba zai gagare su da rani mai zuwa ba, yaran kuma za su isa can sun riga sun iya zaman baƙo.