Sauya Faifan Ajiya na Kwamfuta: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

A cikin kowace kwamfuta akwai faifan ajiya, inda take adana duk abin da aka ba ta amana, tun daga wasiƙun ofis har hotunan iyali. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irinsa a shekarar 1956, mai faya-fayai 50 a jere, kowanne faɗinsa inci 24, amma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Na yanzu kuwa yana shiga aljihu, yana kuma juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. Abin da ke juyawa haka dole wata rana ya gaji. Idan kwamfuta ta soma nauyi, ko ana jin ƙarar ƙwanƙwasa daga cikinta, ko fayil ya ƙi buɗuwa, to lokacin sauyi ya yi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mutane da yawa sukan maye gurbinsa da sabon samfurin da ake kira SSD, wanda ba shi da wani abu mai motsi.

Babban abin lura shi ne, takardu da manhajoji ba hanya ɗaya suke ƙaura ba. Mai barin gida yana iya naɗe tabarmarsa ya ɗauki akwatinsa, amma famfo da wayar lantarki suna binne cikin gini. Takardu da hotuna su ne tabarmar: a kwafe su, a sauke inda ake so. Manhaja kuwa, lokacin da ake girka ta takan warwatsa sassanta wurare dabam-dabam, ta kuma rubuta bayananta cikin wani kundin rajista da Windows ke riƙewa. Saboda haka wanda ya kwafi jakar manhaja kurum ya kai sabon faifai, galibi zai tarar ba ta tashi.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a kwafi tsohon faifai ɗungurungum zuwa sabo, da taimakon manhaja irin Clonezilla wadda ake samu kyauta. Idan an gama, kwamfuta za ta tashi kamar ba a taɓa ta ba. Sharaɗi dai sabon ya isa ɗaukar kayan. Aibin wannan hanya shi ne ba ta tankaɗe: duk wata cuta ko tarkace da ke tsohon za su bi shi zuwa sabon, kuma faifan da ya soma lalacewa yana iya tsayawa ana tsakiyar aiki.

Ta biyu ita ce a girka Windows sabuwa fil, a sake sa manhajoji ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a kwaso takardu. Ta fi cin lokaci, amma ita ta fi dacewa da kwamfutar da ta daɗe tana ba da wahala. Kafin a kwance ko da kusa ɗaya, wajibi ne a rubuta sunayen manhajojin da lambobin lasisinsu a takarda. Wasu manhajojin sai an cire lasisinsu daga tsohon faifai tukuna za su karɓe shi a sabo. Yana da kyau kuma a tuna cewa kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka wannan dama ce ta duba ko na'urar za ta ɗauki Windows 11.

A wajen kwashe takardu ne aka fi yin hasara, domin ba komai ne ke zaune inda ido ke gani ba. Wasiƙun Outlook da kalmomin sirrin da aka adana sau da yawa suna cikin ɓoyayyiyar jaka mai suna AppData. Idan kuwa an kulle faifan da BitLocker, sai an tanadi mabuɗinsa mai lambobi 48. In babu shi, ko gwanin gyara ba zai iya buɗewa ba. Tsofaffin takardun da aka rubuta da WordPerfect ko Lotus 1-2-3 su ma a gwada su, LibreOffice na buɗe da yawa daga cikinsu, a sake adana su cikin tsarin zamani.

Har wa yau, kada a fara wannan aiki sai batir ya cika ko akwai tabbacin wuta, sabo da ɗaukewarta na ɓata kwafi. Bayan an gama, a ajiye tsohon faifai makonni kaɗan ba tare da an taɓa shi ba, har a tabbatar ba a bar komai a baya ba.

Daga nan sai maganar rabuwa da shi. Goge fayil ba ya kawar da shi, sunansa kawai ake cirewa daga jerin, kuma ana iya maido da shi. Ofisoshi da asibitoci da makarantu masu riƙe bayanan jama'a su sani cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora musu nauyin tsare su. Kafin a sayar da faifai ko a ba da shi kyauta, sai a share shi da manhajar da ke rubutu a kan kowane sashensa. Wanda ya mutu har ba ya sharuwa, a huda shi ko a farfasa shi da guduma.