Yadda Kare Ya Ke Sanin Ubangidansa

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu in mun gama kwalejin nan ƙauyuka za a tura mu, wani Kwoi, wani Nok, wani Kagoro ko Zonkwa. A waɗannan wurare kuwa da wuya ka shiga gida uku ba ka tarad da kare kwance bakin ƙofa ba, yaran da za mu koyar tare da shi su ke tashi. Saboda haka na ga ya kamata mu yi nazarin yadda dabban nan ya ke gane mutanen gidansu, domin akwai ranar da sanin nan zai ceci ran yaro.

Zaman kare da ɗan Adam ba na yau ba ne. Mu nan muna alfahari da mutum-mutumin yumɓu da masu haƙar kuza suka fara tonowa a Nok cikin 1928, waɗanda shekarunsu suka kai 2,500 ko fiye. To, a ƙasar Jamus, kusa da birnin Bon, an tono wani kabari cikin 1914, aka sami mutum biyu da ɗan kare an binne su tare. Masana suka ƙiyasta shekarunsa wajen 14,000. Watau tun kafin maginan Nok su taɓa yumɓu da dubban shekaru, kare ya riga ya zama ɗan gida.

Mu da ido mu ke sanin mutum, shi kuwa kare da hanci. A cikin hancin mutum akwai 'yan ƙwayoyi masu jin wari wajen miliyan 5 ko 6. Na kare sun wuce miliyan 200. In ka dawo daga kasuwa ya taho yana sansanar ƙafarka, karatu ya ke yi: inda ka bi, da naman da ka taɓa, da karen wani gida da ya goge ka. Cikin 2014 wani malami a Amurka, Gregory Berns na Jami'ar Emory, ya horar da karnuka 12 har suka iya kwanciya shiru cikin na'urar da ke nuna aikin ƙwaƙwalwa. Aka riƙa kawo musu wari iri biyar a jikin ƙyalle: na kansu, na karen gida, na baƙon kare, na baƙon mutum, da na wani mutumin gidansu. Duk sun ji su. Amma sashen ƙwaƙwalwa da ke motsawa in dabba na sa ran abin daɗi, warin mutumin gida ne ya fi tā da shi, alhali kuwa mutumin ba ya ma cikin ɗakin. Har ya fi na karen da su ke kwana tare. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai.

Sai kunne. Kare na jin siririyar ƙara wadda ta ninka iyakar jin mutum sau biyu, ya kuma san takun ubangidansa da kukan babur ɗinsa tun daga nesa. Amma ko yana fahimtar magana? A birnin Budafes na ƙasar Hangari, Attila Andics da abokan aikinsa sun gwada karnuka 13 cikin 2016. Wani lokaci a faɗa musu kalmar yabo da murya mai daɗi, wani lokaci a faɗe ta a sanyaye, wani lokaci kuma a faɗi kalmar banza da murya mai daɗi. Sai da kalma da murya suka dace sa'an nan ƙwaƙwalwarsu ta nuna murna sosai. Ashe kare na auna abin da aka ce da yadda aka ce shi. Malamin da ke ce wa yaro “madalla” fuska a murtuke, sai ya yi tunani a kan wannan.

Wajen launi idon kare bai kai namu ba. Shuɗi da rawaya ya ke rarrabewa, ja da kore kuwa kusan ɗaya ne a gare shi. Amma ya fi mu gani da magariba, ya fi mu lura da motsi. Babbar gwanintarsa ita ce duban hannun mutum da fuskarsa. Cikin 2002 Brian Hare ya ba da labarin wani gwaji mai sauƙi, wanda kowannenmu zai iya yi da 'yan ajinsa. A kife ƙwarya biyu, a ɓoye nama ƙarƙashin ɗaya, sa'an nan mutum ya nuna ta da yatsa. Kare ya kan nufi wadda aka nuna. Manyan birai masu wayo sun kasa shi a nan, haka nan kyarketan Turai, danginsa na daji, ko da a hannun mutane suka girma. 'Yan kwikwiyo ma sun iya. Mafarautanmu ba sa bukatar a gaya musu wannan. Da rani, bayan bikin Afan na Kagoro, wanda a kan yi ranar 1 ga Janairu, wanda kuma asalinsa alama ce ta an gama girbi an buɗe farauta, duba yadda maharbi ke sarrafa karensa cikin ƙona: ɗan fito, ɗan nuni da sanda, kare ya zagaye wa zomo ko gafiya. Ƙur'ani ma, cikin Suratul Ma'ida, ya halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, in an ambaci sunan Allah.

Akwai inda mu ke yi masa mummunar fahimta. Uwargida ta dawo daga rafi ta tarar an cinye kifin miya, ta dubi kare, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya matse wutsiya. Sai a ce ya san laifinsa, a ɗauko itace. Wata malama a New York, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan da karnuka 14 cikin 2009. Mai kare ya hana shi cin wani abu ya fita. In ya dawo, wani lokaci a gaya masa ƙarya, a ce kare ya ci alhali bai ci ba. Duk karen da aka yi wa faɗa sai ya sunkuya, ya ci ko bai ci ba, har waɗanda ba su ci ba suka fi yin kalar tausayi. Fushinka ya ke karantawa a fuska da murya, ba kifin da aka ci da hantsi ya ke tunawa ba. A ganina dukan da aka yi bayan awa uku ba ya koya masa kome sai tsoron hannun mutum, kare matsoraci kuwa shi ya fi saurin cizon yaro.

To, ga dalilin da ya sa na kawo duk wannan. Tun da ya ke lafiyayyen kare ya san mutanensa da hanci da kunne da ido, ranar da ya kasa sanin su, lalle akwai magana. In karen gida ya canja hali ba dalili, mai wasa ya koma ɓuya cikin duhu, ko ya riƙa cizon itace da duwatsu, haushinsa ya sake, dalala na zuba, ya yi wa ubangidansa gurnani kamar baƙo, a yi zaton ciwon hauka. Wani kuma ba ya faɗa, sai muƙamuƙinsa ya saki. Kada wanda ya sa hannu bakinsa wai neman ƙashin da ya maƙale.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon nan na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, huɗu cikin goma kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ya kan yi wata biyu ko uku a jiki shiru, miki ya warke, iyaye su manta. In alamunsa suka fito kuwa, kusan babu mai tashi. Yara sun saba ɓoye cizo don tsoron duka, sau da yawa malami ne zai fara ganin ƙyalle ɗaure a ƙafa. Ya tambaya da murya mai laushi. In kare ne, ko da yaƙushi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, kada a tsaya shafa toka ko barkono, a kai yaron asibiti ran nan don a fara masa allura. Karen kuma a tsare shi, a sanar da likitan dabbobi, a lura da shi kwana 10, amma ba a jira kwanakin su cika kafin a fara allurar.

Rigakafin karnuka kuwa ba nisa ya ke da mu ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa cikin 1924, tana yin allurar. A kan yi wa kwikwiyo in ya kai wata uku, sa'an nan a maimaita kowace shekara. Masana sun ce in an yi wa karnuka bakwai cikin goma na gari, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba ita ce aka keɓe a duniya don wayar da kai a kansa, ta kuwa faɗo cikin zangon farko na karatu. Malami na iya sa 'yan aji su ƙirga karnukan unguwarsu tun kafin ranar, a rubuta waɗanda aka yi wa allura da waɗanda ba a yi wa ba, a kai wa mai unguwa lissafin.