Darasin Wannan Wata: Suna da Wasan Cike Gurbi

Suna linzami ne, in ji Hausawa. Sau da yawa suna yakan nuna garin mutum, ko sana'ar gidansu, ko kamanninsa. Haka abin yake a ƙasar Hausa, haka yake a Italiya, wata ƙasa a nahiyar Turai.

Sunan gari

Malam Aminu Kano ya ɗauki sunan birninsu. Alhaji Shehu Shagari ya ɗauki sunan ƙauyensu. Ahmed Makarfi, gwamnan Jihar Kaduna daga 1999 zuwa 2007, sunan garinsu yake amsawa. A Italiya an yi wani shahararren mai zane, Leonardo da Vinci, an haife shi a 1452. Vinci sunan gari ne. Ma'anar sunansa ita ce Leonardo mutumin Vinci.

Sunan sana'a da na kama

Ferrari sunan dangi ne a Italiya, kuma sunan wata mota mai tsada. Asalinsa maƙeri, kamar a ce Audu Maƙeri. Rossi kuwa daga kalmar ja ya fito, kusan daidai da Jatau.

Amma akwai bambanci. Bahaushe yakan ɗauki sunan mahaifinsa, ɗansa kuma ya ɗauki nasa. A Italiya suna ɗaya ne yake bin gida, daga kaka har jika. A 1563 shugabannin cocin Katolika suka ba da umarnin a riƙa rubuta sunayen jarirai da na ma'aurata a littafi. Wannan ya taimaka sunayen suka zauna.

Hattara da rubuta suna

A yau takarda ba ta san fuska ba, haruffa ta sani. Mutum ya rubuta Mamman a katin zaɓe, Muhammadu a banki, Mohammed a katin ɗan ƙasa. A ƙauye mutum ɗaya ne. A ofis ya zama mutum uku. Kuɗinsa na iya maƙalewa, ya yi ta zirga-zirga yana kashe kuɗin mota. Maganin abin shi ne ya zaɓi rubutu ɗaya, ya tsaya a kai.

Wasan cike gurbi

Akwai wasan da ke koya wa mutum kula da haruffa. Wani ɗan jarida, Arthur Wynne, ya buga shi a wata jarida a birnin New York na Amurka, ranar 21 ga Disamba, 1913. Wasan ya isa Italiya a 1925. A 1932 aka fara buga mujallar irin waɗannan wasanni a birnin Milan.

Dokar wasan sauƙi gare ta. Kowane gida harafi ɗaya. In an kuskure harafi, kalmar da ta gitta ba za ta zauna ba.

Aikin gida

Ɗalibi ya zana gidaje kamar na dara, biyar a kwance, biyar a tsaye.

A kwance:
1. Layin farko, daga gida na 1: ƙaramar hukuma mai farawa da harafin I. Haruffa 5.
2. Layi na huɗu, daga gida na 1: sunan gari, kuma sunan ganyen da ake shan hayaƙinsa. Haruffa 4.

A tsaye:
1. Daga gida na 2 na layin farko: ƙaramar hukumar da hedikwatarta take Hunkuyi. Haruffa 5.
2. Daga gida na 4 na layin farko: tana fitowa gabas, ta faɗi yamma. Haruffa 4.

Wanda ya gama ya nuna wa malamin ajinsu. Sa'an nan ya ɗauko duk katunansa, ya duba ko sunansa iri ɗaya ne, harafi bayan harafi. In ya ga bambanci, ya je ofishin da ya ba shi katin a gyara tun kafin buƙata ta taso.