Gidan gahawar karatu a Alƙahira

Ɗalibin da ya sauka Alƙahira don karatu a Azhar kada daɗin gahawa ya ja shi; shirun wuri zai fara dubawa. Gidan gahawar El Fishawy da ke kasuwar Khan el-Khalili ya haura shekara 200, amma cinkoson baƙi da hayaƙin shisha ba sa barin hadda ta zauna. Gidajen gahawar unguwar Zamalek sun fi natsuwa. Leƙa wurin a daidai lokacin da kake son karatu, ka duba wurin caji da ƙarfin intanet, ka lura ko ma'aikata na ƙyale mai daɗewa. Za a ce Zamalek akwai tsada, kuma gaskiya ne. Sai ka ware shi don kwanakin bitar jarrabawa, ka je da hantsi kafin a cika.