Ƙayar Katira da Haɗarin Tumɓuke Ta

Ƙayar katira, wadda mutanen Iran ke kira gavan, ɗan gajeren tsiro ne na dangin wake da ke fitowa a kan duwatsun Zagros da Alborz, da kuma tsaunukan Turkiyya, inda sanyi da ƙanƙara suke hana manyan itatuwa tsayawa. Takan dunƙule a ƙasa, ƙaya ta ko'ina, saiwarta kuwa ta nutsa can cikin dutse. Da rani ake tone gindinta a tsaga da wuƙa, ƙaro ya tsattsafo ya bushe fari-fari. Shi ne katira, mai lamba E413 a kasuwar duniya, da ake sawa a magunguna da abinci. Iran ce kan gaba wajen samar da shi. Zuma ma tana cin furen ƙayar.

Wani abin da ke damun hukuma a Iran shi ne tumɓuke ƙayar don itacen girki ko share gona. Duba yadda kaza ke buɗe fikafikai ta rufe 'ya'yanta, ruwa ya dake ta, iska ta dake ta, shirwa ta yi ta shawagi, amma 'yan tsaki suna cikin ɗumi. Haka wannan ƙaya take rufe ƙasar gangare da ƙananan ciyayi, ta tare ƙanƙara har ta narke sannu a hankali ta shige ƙasa. In aka cire ta, ruwan sama ba shi da mai tsayar da shi; sai ya kwashe ƙasa ya gangara kwari da laka da duwatsu. Mutanen Lorestan da Khuzestan sun ga abin da ambaliya ke yi a shekarar 2019. Tsiron da ya yi shekaru yana girma, wani ya sa gatari ya ƙone shi a girkin dare ɗaya! Wannan ba talauci ba ne kawai, cin amana ne, domin Allah ya hana ɓarna a bayan ƙasa, kuma haƙƙin na kwari yana wuyan na tudu.

Sauran illolin sanannu ne: yawan tsaga ba hutu, kiwo fiye da kima, da sa wuta. Shi ya sa hukuma ke ba da izinin ɗiban ƙaro, ake kuma yin makon albarkatun ƙasa kowane watan Maris. Wajibi ne mai ɗiba ya tsaga kaɗan, ya mayar da ƙasa gindi, ya bar tsiron ya huta.