Wasan Kwaikwayo Na Kan Tebur: Yadda Ya Ke Koya Wa Yaro Jure Faɗuwa

Kowane malami ya san irin yaron nan da in ya faɗi jarrabawa sau ɗaya sai ya ga kamar duniya ta ƙare, da kuma wanda kunya ta kan hana shi buɗe baki a aji, alhali kuwa ya san amsa. Faɗa ba ya gyara su, lallashi ma sau da yawa ba ya isa. Darasinmu na yau a kan wani wasa ne da waɗansu masana a Amurka su ke amfani da shi don taimakon irin waɗannan yara.

Asalinsa da yadda a ke yinsa

A shekarar 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Shi ne ya buɗe hanya ga sauran wasanni irinsa. Mutum huɗu ko biyar su kan kewaye tebur da takarda da fensir. Ɗaya shi ne jagora, watau mai jan labari. Sauran kuwa kowa ya ƙago jaruminsa, ya ba shi suna, ya rubuta ƙarfinsa da rauninsa.

Sai jagora ya ce, "Kun iso bakin kogi, gada ta karye, ga magariba ta yi. Me za ku yi?" Wani ya ce jaruminsa zai yi iyo ya kai igiya ƙetare. To, sai ya jefa wata ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20. In jagora ya yanka 15, kuma lambar da ta fito, haɗe da makin gwanintar jarumin, ta kai haka, ya haye. In ba ta kai ba, ruwa ya ja shi, abokansa su san dabarar cetonsa. A lura, wannan ba caca ba ce, don ba a sa kuɗi. Ba kuma wanda ya ke cinye wani, duka ƙungiya ɗaya ce. Bambancinsa da tatsuniya shi ne, masu sauraro su ne mutanen cikin labarin.

Amfaninsa ga zuciya

Na farko, yaro ya kan saba da faɗuwa. Kome wayonka, wata sa'a ƙwaya za ta ƙi ka. Amma labari ba ya tsayawa don an faɗi, jagora sai ya ce, "To, yanzu fa?" Yaron da ya ji wannan tambaya sau goma a zama ɗaya ya fara gane cewa bayan faɗuwa akwai wata dabara. Juriya ke nan, kuma ya koye ta a wurin da faɗuwar ba ta jawo masa bulala ko dariyar aji.

Na biyu, jarumi ya kan zama garkuwa. Yaron da ba zai iya cewa "ina jin tsoro" ba, yana iya cewa jaruminsa ya tsorata. Wannan dabara ta daɗe. Likita Jacob Moreno, wanda ya fara aikinsa a birnin Biyana ya koma Amurka a 1925, ya kan sa masu damuwa su kwaikwayi abin da ke cin ransu maimakon su ba da labarinsa kawai. Har wa yau, a 1994 wani likitan ƙwaƙwalwa, Wayne Blackmon, ya rubuta labarin wani ɗalibi ɗan shekara 19 wanda maganar kansa ta yi masa nauyi, amma ta hanyar ba da labarin jaruminsa na wasan ya sami bakin faɗin fushin da ke zuciyarsa.

Na uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An tsara wasan yadda jarumi ɗaya ba zai iya kome da kome ba: wannan mai ƙarfi, wancan mai magani, wani mai iya lallashi. Tilas mai surutu ya jira, tilas a nemi shawarar mai shiru. Saboda haka ne wata ƙungiya ta Amurka, Game to Grow, wadda aka kafa a 2017, ta fitar da nata wasan, Critical Core, musamman don yaran da cuɗanya da mutane ke yi wa wuya.

Gargaɗi

Kada a ɗauka wasa magani ne. Yaron da baƙin ciki ya hana shi ci da barci, ko ya ke maganar cutar da kansa, sai a gaya wa iyayensa a kai shi ga likita. Sa'an nan amfanin wasan yana hannun jagora ne. In ya bari ana yi wa wanda ya faɗi ba'a, lalle ya ƙara ciwon da ya zo warkarwa.

Yadda malami zai gwada

Ba sai an sayi littafi ba, ƙwayar ludo mai fuska 6 ta isa. In 5 ko 6 ta fito, an yi nasara. In 3 ko 4, an yi nasara amma da hasara, misali an haye kogi, guzuri ya jiƙe. In 1 ko 2, an faɗi, sai a sake shawara. Yara biyar da minti 40 sun isa. A bi da kowa bi da bi, kuma duk wanda wani abu cikin labarin ya dama, yana da ikon ya ce a sauya. In an gama a tambaye su, "Da jaruminka ya faɗi, me ya ji? Wa ya taimake shi?" Kada malami ya ce, "Ai kai ma haka ka ke." Yaro ya kan gane da kansa, in an ba shi lokaci.

Tambayoyi

1. Me ya raba wannan wasa da caca?
2. Don me ya fi sauƙi yaro ya yi magana da bakin jaruminsa?
3. Tsara labari mai matsala uku wanda za ka gwada lokacin koyon koyarwa.